Mai Keke a Hanyar Kasuwa: Daga Ƙauyukan Korgom zuwa Rumfar Mai Fura

Shirin namu na yau zai ya da zango ne a ƙasar Korgom, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, mu ɗan leƙa maƙwabciyarta Mayahi, kuma magana ce a kan keke da cin kasuwar ƙauye. Wani zai ce, keke har ya kai a ɓata masa lokaci a gidan rediyo? To duk wanda ya tsaya bakin hanya da sanyin safiya ranar kasuwa ya san ya kai. Ga magidanci da ƙunshin wake ɗaure a kariyar kekensa da tsohuwar robar taya, kaji biyu na reto ta gaba. Ga ɗan koli da akwatinsa na allura da zare da madubi da batir, ga mai gwanjo da damin tufafin da ya fi shi faɗi, ga mai tabarmi ya naɗe su ya gicciya har sai mai tahowa ya ratse masa. Abin da nake so mu auna yau shi ne wannan: keke ne abin hawa mafi arha da ke ba ƙaramin manomi da ɗan tireda damar kai kansa kasuwar da ya ga dama, kuma abin da ake bukata don a sauƙaƙa masa, a kan hanya da kuma wurin da yake sauka ya ci abincin rana, bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, in an zauna tsara hanya ko gyaran kasuwa, mota ake tunawa, sai babur, mai keke kuwa ya ji da kansa.

Bari mu fara da yadda ƙasar take. Korgom tana kudu da Tasawa, ta wajen iyakar Najeriya, gunduma ɗaya da Hawandawaki da Kona da Baudeta da Maijirgi da Urafan. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa, ta ratsa Tasawa da Maijirgi ta nufi Damagaram, amma akasarin ƙauyuka ba a bakinta suke ba. Abin da ya haɗa su shi ne 'yan hanyoyin ƙafa da na amalanke, da kuma zagayen kasuwanni, kowace da ranar da take ci. Tasawa na ci Lahadi, Mayahi Litinin, ƙananan kuma sun raba sauran kwanakin mako a tsakaninsu, har ɗan kasuwa mai himma yana iya kwana bakwai bai rasa inda zai baza kaya ba. Ribar wannan zagaye tana cikin bambancin farashi: tiyar gero ko wake ko aya ba kuɗi ɗaya take yi a ko'ina ba. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta isa. Wato labari yana da daraja. Sai dai labarin yana amfanar wanda zai iya tashi ya bi shi ne. Manomin da ya ji a waya cewa wake ya yi kuɗi a kasuwar da ke nesa da shi, alhali ba shi da abin da zai kai shi, sanin bai ƙara masa komai ba sai takaici, kuma a ƙarshe mai awon da ya biyo ƙauye da buhu da tiyarsa shi zai yanka masa farashi.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Mai tafiya da ƙafa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a sa'a, in ya ɗauko kaya a ka kuwa da wuya ya wuce tiya 8 ko 10 in tafiyar da nisa. Mai keke a hanya mai ƙarfi yana yin kilomita 12 zuwa 15 a sa'a ba tare da ya wahalar da kansa ba, kuma rabin buhu, wajen tiya 20, ba ya gagarar kariya mai kyau. Akwai ma kekunan da aka ƙera musamman don karkarar Afirka, irin su Buffalo na ƙungiyar World Bicycle Relief, waɗanda kariyarsu ke ɗaukar kilo 100. In nisan da mutum zai iya zuwa ya dawo a yini ya ninka sau 3, faɗin ƙasar da ke cikin ikonsa ya ninka sau 9 ke nan, domin ta kowace fuska nisan ya ƙaru. Wanda da kasuwa ɗaya ce tak yake iya ci, yanzu yana da zaɓi tsakanin uku ko huɗu. Ku kuma lura da yadda talaka ke sayar da amfaninsa. Ba ya fitar da rumbu gaba ɗaya. Yau ya ɗebi tiya biyar don cefane, mako mai zuwa tiya goma don magani ko suna ko kuɗin makarantar yaro. Ƙaramin kaya ne, ƙaramar riba, kuma irin wannan ciniki ba ya jure kuɗin mota zuwa da dawowa.

Nan ne mai babur zai ɗaga hannu ya ce zamani ya wuce keke, kabu-kabu ya shiga kowane lungu, me zai sa mutum ya yi ta taka feda cikin rana? Ba a musun saurin babur, kuma in mace na naƙuda ko maciji ya sari yaro, babu mai hankalin da zai ce a nemo keke. Amma babur da mai yake tafiya, man kuma ba a hannun mutanen Korgom farashinsa yake ba. Shekara da shekaru ƙauyukan bakin iyaka sun dogara da man kwalba da ke tsallakowa daga Najeriya saboda arharsa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki, bayan wata biyu kuma takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar ya sake rufe iyakar har cikin 2024. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, gwamnati ma ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a 2024, amma da man kwalba ya janye sai kowa ya koma gidan mai, kuma kun ga irin layin da aka yi a watan Maris na 2025. Duk lokacin da irin haka ta faru, ɗan kabu-kabu kan ƙara kuɗi, ba don mugunta ba, don shi ma a kansa take ƙarewa. Keke bai san an rufe iyaka ba. Kuɗinsa na kullum bai wuce faci da ɗan man shafa wa sarƙa ba, sai taya in ta cinye. Saboda haka gidan da ke da keke a jingine yana da mafita ranar da babur ya yi tsada.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne yashi, kuma wannan ba a share shi da baki. Ƙasarmu jigawa ce. Wanda ya taɓa bin hanyoyin arewacin Tasawa ko na Mayahi, wajen kwarin Gulbin Kaba, ya san wuraren da taya ke nutsewa, mutum ya sauka ya tura yana haki, musamman da bazara in ƙasa ta bushe ta saki, amalanke da dabbobi kuma sun tattake ta. Ga ƙaya: ta aduwa, ta bagaruwa, da tsidau da ke kwance a ƙasa yana jiran taya. Amma a duba da kyau. Sau da yawa hanyar ba duka ce ta lalace ba, wasu 'yan wurare ne: gangaren kwari, mashigar gari inda dabbobi ke taruwa, ko inda mai gona ya ci hanya da shuka har ya tura masu wucewa cikin rairayi. In an zuba jar ƙasa a waɗannan gurabe kaɗai aka daddaɓe, faɗin da keke da amalanke za su wuce, an gyara tafiyar gaba ɗaya da kuɗin da bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba. Shirin ProDAF, wanda asusun FIDA ya tallafa daga 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ya gina hanyoyin karkara da manyan kasuwannin sari, kuma aiki ne mai amfani, sai dai irin waɗannan hanyoyi suna haɗa babbar kasuwa da kwalta ne don babbar mota ta shigo ta yi lodi. Guntun da ke tsakanin ƙofar manomi da waccan hanya shi ne ya rage, kuma wannan aikin gayya ne da ɗan taimakon ƙaramar hukuma. Ko inda dole a tura ɗin ma, keke bai tashi daga aiki ba. A yaƙin Diyan Biyan Fu na 1954, mutanen Biyetnam sun yi ta kai wa mayaƙansu shinkafa ta cikin duwatsu a kan kekunan da suka ƙara wa ƙarfi, kowane ɗauke da kilo 200 ko fiye, turawa suke yi ba hawa ba, har suka ci sojan Faransa. Tura rabin buhu a kan taya biyu ya fi ɗora shi a wuya ko ta ina aka auna.

Akwai kuma wata gajiyar da mai keke ya ci ba tare da an yi dominsa ba. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona a gyara shi maimakon a tumɓuke, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar. Gawo kuwa da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da matafiyi ya fi bukatar inuwa. Hanyar da a da ba ka da wurin fakewa, yanzu kana samun gindin da za ka tsaya ka sha ruwa. Abin da ya rage shi ne masu sassabe su daina watsa rassan ƙaya a kan hanya.

Masu amalanke ma suna da tasu hujjar, cewa su ne ke ɗaukar buhu biyar ko fiye a tafiya ɗaya. Gaskiya ne, kuma babu gasa a tsakani. Amalanke na kakar girbi ce da babban kaya, tana bukatar sa ko jaki da za a ciyar shekara duka, da harawa da dusa da ke tsada da bazara. Ba wanda zai ɗaura wa sa amalanke don kaji biyu da tiya shida.

Yanzu mu shiga kasuwar, mu bi mai keken nan zuwa inda hantsi ya ƙare rana ta take. Ya sayar da abin da ya kawo, ya yi cefanen gishiri da daddawa da sabulu, cikinsa kuma ya fara kira, domin tun asuba yake aiki da ƙafa. Sai ya nufi rumfar mai fura. Ku dubi yadda take yi: ta ɗauko curi biyu ta jefa a ƙwarya, ta zuba nono daga wata, ta dama da ludayi tana murƙushe gudajin a jikin ƙwaryar har ya yi laushi, ta ƙara ruwa, ta tambaye shi ko a sa sukari. Gefenta ga mai ƙosai da kaskonta na tafasa, ga mai waina tana juya su da tsinke a tanda, ga yarinya da tiren kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, can kuma hayaƙin mai tsire na tashi, mai ɗan hali ya sayi kilishi ya kai wa yara tsaraba, tunda ƙasar Tasawa ta yi suna da shi. Wannan saukar ta rana wani babban reshe ne na kasuwar, ko da yake ba a lissafa shi. Yawancin masu sayar da abincin mata ne, wasunsu ma suna cikin gida, 'ya'yansu ke fito da tallar. Geron furar na gonar garin ne, nonon daga rugar da ke kusa, waken ƙosai da man gyaɗa duk na nan ne. Ɗari biyu ko uku da mai keke ya kashe a rumfar nan ba ta fita gari, tana komawa adashi da kayan ɗakin 'ya mace da abincin akuya. Wanda ya zo a babur yana iya gama cinikinsa ya koma gida cin abinci kafin azahar. Mai keke kuwa dole ya jira rana ta yi sanyi, kuma jiran nan shi ne cinikin mai fura da mai shayi da mai ruwa. Kuɗin da bai zuba a tanki ba, wani kaso nasa a nan yake sauka.

Tunda kuwa dole ne ya sauka, sai a tambaya wane irin wuri aka tanadar masa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma mai taka keke a irin wannan rana yana zubar da ruwan jiki fiye da yadda yake zato. Ciwon kai, jiri, fitsari ya yi ja ya ƙanƙance, duk alamu ne cewa jiki ya bushe, kuma maganinsu inuwa da ruwa da hutu, kada a ce za a daure a ƙarasa gida. Hikimar da mutanenmu suka gada ta fita da asuba a dawo bayan la'asar daidai take da abin da likita zai ce. Fura ma abincin matafiyi ce ta gaske, ga ruwa ga ƙarfi, ba ta da nauyi a ciki. Sai dai lafiyarta na ga ruwan da aka dama ta da shi da kuma wanda aka wanke ƙwaryar. Ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba, da wadda ta sake bazuwa a jihohi da dama a 2021, kuma taron kasuwa na cikin wuraren da irin wannan cuta ke samun hanya. Bokiti ɗaya da aka wanke ƙwarya hamsin a ciki tun safe, ruwan har ya yi fari, ba tsabta ba ce. Kada kuma a ɗora wa mai fura laifin duka, domin in famfo ko rijiya na nesa da kasuwa, kowace jarka saye take yi, kuma daga ribarta yake fita. Kasuwar da aka kai wa ruwa kusa da layin masu abinci, aka yi mata makewayi, an yi wa mai saye da mai sayarwa magani tare. Ga ku masu hawa kuma, ku riƙa tafiya da gorar ruwanku daga gida, ku zaɓi abincin da aka sauke daga wuta a gabanku, ku wanke hannu da sabulu kafin ku sa a kwano.

Wata magana da za a taso da ita ita ce duk wannan na maza ne, tunda a ƙauyukanmu ba a saba ganin mace a kan keke ba, alhali mata ne suka fi ɗaukar kaya a ka. Wannan gaskiya ce, kuma ba rediyo ce za ta sauya al'ada da magana ɗaya ba. Amma ga abin da aka gani a wasu wurare. A jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna shigarsu makaranta a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, ribar ta fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke nesa. A karkarar Zambiya an raba wa ɗalibai mata kekuna, fashin makaranta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Kusa da mu ma, a Burkina Faso, mace da goyo a baya da kwandon kayan miya a kan keke ba abin kallo ba ce, musulma da wadda ba musulma ba. Iyaye a nan sun san abin da ke sa a cire yarinya daga karatu in ta gama firamare: kwalejin na wani gari, kuma ba kowa ke son ya ba da riƙon 'yarsa ba. Keken da zai kai ta ta dawo ta kwana gaban uwarta amsa ce ga wannan damuwar ta iyayen kansu. Ko a gidan da ba a yarda ta hau ba, in ɗan'uwanta ya kai niƙa ko ya ɗebo ruwa jarka biyu a keke, wuyanta ne ya huta.

Sai batun girma, wanda ba a cika faɗa a fili ba. A zamanin kakanninmu mai keke samfurin Rali babban mutum ne, ana goge ta ana yi mata ado, har masana'antar haɗa ta aka kafa a Kano. Yau saurayi na jin kunyar a gan shi a keke gaban gidan su budurwa, ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur ɗin da ba shi da kuɗin mansa. Abin mamaki, a ƙasashen da ake ƙera motoci masu hali ne ke hawan keke don nishaɗi, su bi hanyoyin karkara su sauka ƙananan garuruwa cin abinci, har wani nazari da aka yi wa Majalisar Turai a 2012 ya ƙiyasta cewa irin wannan yawo na juya kusan yuro biliyan 44 a shekara. Ba ina cewa mu zauna jiran baƙi daga Turai su zo shan fura a Korgom ba, halin tsaro da yanayin hanya ba su ba da wannan ba, kuma wanda ya gina kasuwarsa a kan baƙo ya gina a kan iska. Amma matasan Tasawa da Mayahi da Maraɗi, da ma'aikatan da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, suna iya haɗa kansu ranar hutu su fita da asuba zuwa kasuwar wani ƙauye, su ci su sha su sayo kaji da ƙwai da arha su dawo. Burkina na gudanar da tseren keke na Tour du Faso tun 1987, kuma ganin zakarun ya sa yaro a can ba ya raina keke. In mutanen ƙauye suka ga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti sun iso a keke don ra'ayin kansu, kunyar za ta ragu.

Inda keke ke da haɗari na gaske shi ne kan kwalta da duhu. Ranar kasuwa manyan motoci na gudu, keke ba fitila, mai shi cikin tufafi masu duhu, buhu ya rufe bayansa. Ɗan abin ƙyalli a baya da fitilar Sin mai caji a gaba ba su kai kuɗin kaza ba, birki kuma a gyara shi kafin a ɗora kaya, don keken da ke ɗauke da rabin buhu ba ya tsayawa da jan ƙafa a ƙasa. Sauran kuwa na hannun masu kasuwa ne. Mai keke na biyan kuɗin tikiti a kan kayansa kamar kowa, don haka yana da bakin tambaya. Sarkin kasuwa da ma'aikatar magajin gari suna iya ware rumfa guda kusa da masu abinci, a kafa turaku, a sa mutum ɗaya amintacce yana tsaro yana ba da lamba, a ba mai faci wuri a gefe da famfonsa da gam da tsofaffin tub, don wanda ƙaya ta huda a hanya ya bar keken a gyara yayin da yake shan furarsa. Masu unguwanni kuma, kafin damina ta sauka a fara shuka, su zagaya da masu gonaki a tabbatar da iyakar hanya da burtali, a ƙirga guraben yashin da suka fi wahalar da mutane tsakanin kowane ƙauye da kasuwarsa, a kai wa ƙaramar hukuma takardar tun kafin ta zauna kan kasafin shekara.